Ido Ma Yana Karatu: Hikimar Masu Zanen Talla

Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya san yadda ake yi. Ba a ce masa ya sayo batir na kamfani kaza da ke birni kaza a ƙasar Sin, sai dai a ce, "Je ka sayo mini batir mai kan damisa." Sabulun wanki kuwa mai mabuɗi ne. Keken ɗinkin da iyayenmu mata suka yi ta zubin adashi don su saya wa 'ya'yansu idan aure ya zo, mai malam-buɗe-littafi ne. Dattawan da suka hau keken Raleigh a zamaninsu, sai sun duba kan zalɓen nan da ke manne a gaban keken kafin su ƙirga kuɗi. Da yawa daga cikin masu sayen nan ba su shiga makarantar boko ba, amma hakan bai hana su gane kayan da suke so ba, domin hoton ya riga ya zama suna.

To, mai karatu, kowane ɗaya daga cikin waɗannan hotuna akwai wanda ya zauna ya yi tunaninsa. Wani ne ya ce a sa mabuɗi, kada a sa kwaɗo, wani ne ya zaɓi launi, ya auna girman rubutu, ya yanke shawarar abin da za a bari da abin da za a cire. Wannan aiki shi ne zanen talla, kuma sana'a ce mai zaman kanta da ake koyarwa har a jami'a. A yau idan mutum ya taso daga Nima zuwa tsakiyar Ankara, ko daga Aboabo zuwa Kejetia a Kumasi, allunan da zai wuce sun fi gaban ƙirge. Amma a tambaye shi da daddare nawa ne suka zauna masa a rai, da ƙyar ya kawo biyu. Abin da nake so mu duba a wannan wata shi ne me ya sa biyun nan suka zauna, sauran suka bi iska. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin mu mutanen Zango 'yan kasuwa ne, muna biyan kuɗin allo, kuma mu ne ake yi wa talla safe da yamma.

Kibiyar da ke ɓoye

Bari mu fara da misali daga Amurka, saboda shi ne malaman wannan fanni suka fi kawowa. Akwai kamfanin kai saƙonni da kaya mai suna FedEx. A 1994 aka ba wani mai zane, Lindon Leader, aikin sabunta tambarinsa. Abin da ya fito da shi haruffa biyar ne kawai na sunan kamfanin, ba jirgi, ba mota, ba hoton ɗan aike yana gudu. Amma idan ka dubi tsakanin harafin E da x, za ka ga farar kibiya tana nuna gaba. Ba a zana ta da fenti ba. Filin da ya rage tsakanin haruffan biyu ne aka daidaita shi har ya zama kibiya. Mutum zai iya shekara yana ganin tambarin bai lura da ita ba, amma ranar da ya gan ta, ko aka nuna masa, to shi ke nan, ba zai ƙara ganin tambarin ba tare da ita ba. Kuma abu na farko da zai yi shi ne ya nemi wani ya nuna masa.

A nan hikimar take. Mai zanen ya bar wa mai kallo ɗan aiki kaɗan, kamar yadda mai kacici-kacici ke yi, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a kansa bisa ga abin da aka yi masa shela. Da a ce an shafa wa kibiyar jan fenti don kowa ya gani, da ta zama kibiya kamar kowace. Wani abin da zai burge waɗanda suka yi karatun allo a cikinmu shi ne, da aka rubuta sunan kamfanin da haruffan Larabci don ƙasashen Larabawa, an sake ɓoye kibiyar a tsakanin haruffa, amma tana kallon hagu. Dalili kuwa, ga mai karatu daga dama zuwa hagu, can ne gaba. Wanda ya yi wannan ya yi tunanin idon da zai kalla, bai tsaya ga nasa idon ba.

Tambarin Nike da samarinmu ke ji da shi a takalma da riguna, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana shi a 1971, aka biya ta dala 35. Mu malamai idan mun gan shi sai mu tuna da alamar da muke yi da jan biro a littafin yaron da ya ci lissafi. Ita kuwa abin da ta nufa shi ne motsi da sauri. Layi ɗaya ne mai lanƙwasa, wanda ɗan aji ɗaya zai iya kwaikwaya a ƙasa da yatsa, shi ya sa daga baya kamfanin ya iya cire sunansa ya bar alamar ita kaɗai. A 1983 ne masu kamfanin suka kira ta suka ba ta kyautar hannun jari, sun ga dai dala 35 ba ta biya ba.

Misali na uku ya fi waɗannan tsufa. A 1959 Amurkawa suna yayin manyan motoci masu tsawo kamar kwalekwale, kuma masu talla suna cika shafin jarida da launi da yabo. Sai aka ba wani kamfanin talla na birnin New York, Doyle Dane Bernbach, aikin tallata ƙaramar motar nan ta Volkswagen mai ƙirar kunkuru. Aiki ne mai wuya, domin motar ƙarama ce, ba ta da kyan gani a idon mutanen wancan lokaci, ga shi kuma ta Jamus ce, shekara 14 kacal da gama yaƙin duniya na biyu. Me suka yi? Suka sayi shafi guda cur, suka bar shi fari fat, suka sa hoton motar ɗan mitsitsi a can sama wajen kusurwa, a ƙasa kuma kalmomi biyu masu cewa mutum ya yi tunanin ƙaramin abu. Wato abin da kowa ke gani aibi ne, shi suka ɗora a gaba. Farin filin nan da wani zai ce asarar kuɗi ce, shi ya sa ido ya tsaya, domin a cikin hayaniyar kasuwa wanda ya yi shiru shi ake juyowa a kalla.

Kada mai karatu ya ɗauka sai an haye teku ake samun irin wannan. Tutar Gana da aka ɗaga ran 6 ga Maris 1957, wata malamar makaranta ce ta zana ta, Theodosia Okoh, wadda ta rasu a 2015. Ja don jinin waɗanda suka mutu wajen neman 'yanci, ruwan zinariya don arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa, kore don dazuzzuka da gonaki, sai baƙin tauraro a tsakiya don 'yancin Afirka. Ni a ganina tauraron shi ne dabarar. Kowa ya san tauraro da haske, fari ko rawaya. Sanya shi baƙi magana ce babba da aka yi ba tare da an furta kalma ba, kuma tana da asali, domin tun 1919 Marcus Garvey ya sa wa kamfaninsa na jiragen ruwa sunan baƙin tauraro. A 1964 an canja ruwan zinariyar zuwa fari, amma a 1966 aka maido da ita yadda take. Yau ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da babban dandalin taro na Ankara duk sunan tauraron suke amsawa.

Maƙwabtanmu Asantawa kuwa sun daɗe da sanin yadda ake dunƙule karin magana ta zama alama. Su ne alamomin adinkra, waɗanda har yanzu ake sassaƙawa a jikin sakaina a garin Ntonso kusa da Kumasi, a tsoma a baƙin rini na ɓawon itace, a buga a jikin zane. Wani Bature mai suna Bowdich ya samu irin wannan zane a Kumasi tun 1817 ya kai Ingila. Akwai Sankofa, tsuntsun da ƙafafunsa ke fuskantar gaba amma ya waiwayo da kansa baya, ma'ana ba laifi ba ne a koma a ɗauko abin da aka manta. Akwai Gye Nyame, wanda da Hausa sai mu ce "sai Allah", kuma wataƙila mai karatu yana zaune a kan kujerar roba mai ɗauke da shi a yanzu haka. Har da mu a ciki, don akwai alama guda da ke cewa mugun Musulmi shi ke hana a gane na kirki. Magana ce mai ɗaci, amma ta nuna tun yaushe muke zaune tare. 'Yan siyasa ma sun san darajar alama. Jan zakaran CPP tun zamanin Nkrumah yana shelar wayewar gari, ga giwar NPP, ga laimar NDC, kuma tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba takan shiga rumfar zaɓe ta dangwala inda take so.

A wajen atamfa abin ya juya, domin masu saye ne ke kammala aikin mai zane. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, da masaƙun gida irin su GTP na Tema, su ke fitar da zane, amma matan kasuwa ne ke raɗa masa suna. An zana tsattsewa tana shawagi, matan Makola suka ce sunanta kuɗi na da fiffike. Daga ranar da zane ya samu suna irin wannan ya zama magana, mace za ta ɗaura shi ta gaya wa kishiya ko miji abin da ke ranta ba ta buɗe baki ba.

Fenti a kan buhun fulawa

Amma inda na fi so mu daɗe shi ne wajen fostocin bidiyo, domin 'yan tsarana sun gan su da idonsu, 'ya'yanmu kuwa ba su san an yi ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 na'urar bidiyo ta shigo ƙasar nan. Talabijin ba kowane gida ke da ita ba, wutar lantarki ma ba ta kai ƙauyuka da yawa ba. Sai wasu masu wayo suka sayi talabijin da bidiyo da ɗan janareto, wasu suka buɗe rumfa a unguwa suka jera benci, wasu kuma suka riƙa ɗora kayan a mota suna bin garuruwa. Ana nuna finafinan Amurka, da na faɗan Sinawa, da na Indiya, daga baya na gida da na Nijeriya suka shigo. Kaset dai ga shi, amma babu takardar talla da ta zo da shi, kuma buga babbar fosta mai launi a wancan lokaci ba abu ne da mai rumfar bidiyo zai iya ba. Dole a nemi masu zanen allo.

Su kuma masu zanen ba su da kuɗin sayen yadin zane na Turawa. Sai suka koma ga buhun fulawa na auduga wanda masu gidan burodi suka gama da shi. A farke shi, a wanke, sau da yawa a haɗa biyu a ɗinke, a samu ƙyalle mai kusan tsayin mutum, sa'an nan a zana da fentin mai. Zaɓin nan ma kansa tunani ne, domin buhun yana jure rana da ruwa, ana naɗe shi a jefa a mota, gobe a warware a rataye a wani gari. Idan ka juya bayan irin wannan fosta, sau da yawa za ka ga sunan kamfanin fulawar yana nan.

Aikin da ke gaban mai zanen guda ɗaya ne, ya sa mai wucewa ya tsaya, ya laluba aljihu. Wani lokaci ya ga fim ɗin, wani lokaci hoton da ke bayan kaset kawai ya gani, wani lokaci kuma labari aka ba shi. Don haka abin da yake zanawa shi ne yadda ya kamata mutum ya ji idan ya shiga, ko da ba haka abin yake a cikin fim ɗin ba. Jarumi sai a ba shi damtse kamar turmi, a ƙara masa bindiga biyu bayan wadda yake riƙe da ita. Maciji sai ya yi kai uku. Akwai wata fosta ta fim ɗin James Bond da ta yi suna, wadda aka zana wani ƙaton kifi kusa da jarumin, kusan girmansu ɗaya. Masu zanen suna sa hannu a ƙasa da sunayensu na sana'a, irin su Joe Mensah da Leonardo da Heavy J da Stoger, kuma akwai gasa mai zafi a tsakaninsu, domin mai rumfa ya san allon wa ke cika masa benci.

Ba zan ɓoye ba, da yawa daga cikin fostocin nan jini ya yi musu yawa, wasu kuma ba su dace a rataye su a hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo ba. Iyayenmu da suka riƙa korarmu daga bakin rumfunan suna da hujja. Amma wanda ya san zane idan ya dube su zai ga abin da ya wuce jinin. Zai ga an zaɓi fuska guda an ba ta rabin ƙyallen, an tura sauran mutane baya. Zai ga an sa rawaya a kan baƙi ko ja a kan fari don a hango daga nesa, kuma sunan fim ɗin kansa an zana shi yana ɗiga ko yana ci da wuta gwargwadon labarin. Waɗannan su ne ƙa'idojin da ake koya wa ɗalibai a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, su kuwa sun koye su a bakin titi wajen iyayen gidansu.

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kasuwar ta fara mutuwa. Talabijin ta yi araha, faifan bidiyo ya shigo gidaje, fostocin takarda da inji ke bugawa suka cika gari. Tsofaffin buhunan wasu aka yar, wasu aka yi shimfiɗa ko labule da su. Sai ga baƙi sun zo suna saye. Wani mai gidan nuna zane a Los Angeles, Ernie Wolfe, ya tara su da yawa, ya fitar da littafi a kansu a shekarar 2000 mai suna Extreme Canvas. A yau ana rataye su a gidajen nuna zane na Amurka da Turai, kuma waɗanda suka rage cikin masu zanen yawancin aikinsu na masu saye ne daga waje. Abin da muka taka muka wuce, sai da wani ya zo daga nesa ya sa masa gilashi kafin mu yarda abin kallo ne.

Allon wanzamin zamani, wato mai aski, shi ma haka. Ana jera kawuna huɗu ko shida, kowanne an zana shi ta gefe don a ga yadda askin ya zauna, kuma mai shigowa ba ya bukatar dogon bayani, nuni kawai zai yi da yatsa. A Suame ta Kumasi akwai Kwame Akoto, wanda aka haifa a 1950, aka fi sani da sunan shagonsa, Almighty God. Daga zanen allunan shaguna da motoci ya fara, ya horar da yara masu yawa, har zanensa ya kai gidajen tarihi na ƙetare. Masu rubutu a jikin manyan motoci ma suna cikin wannan zuri'a. Direban da ya sa aka rubuta "Haƙuri maganin duniya" a goshin motarsa, an ƙawata haruffan da inuwa da furanni, ya yi wa kansa tambari ne, don a tasha da wannan sunan ake neman motar, ba da lambarta ba.

Da kwamfuta ta zo

Yanzu kowace unguwa akwai shagon da ke da kwamfuta da injin buga leda. Ka ba da aiki da safe, ka karɓa da la'asar, kuma kuɗin bai kai na mai buroshi ba. Ba na cikin masu cewa a koma baya. Kwamfuta alƙalami ce, kuma akwai matasa a ƙasar nan da ke fitar da aiki mai kyau da ita. Amma ta zo da wata cuta. A da kowane harafi da aka ƙara a allo kuɗi ne da lokaci, don haka dole mai shago da mai zane su zauna su tace abin da ya fi muhimmanci. Yanzu ƙari kyauta ne, shi ya sa ake zuba komai. Ka dubi allon mai sayar da abinci: ga shinkafa, ga kaza, ga kifi, ga wani abincin Turawa da ba a taɓa dafawa a shagon ba, an ɗauko hotonsa daga intanet, ga lambar waya uku, ga rubutu iri biyar, ga launi bakwai. Maƙwabcinsa ma haka, na gaba da shi ma haka, domin yaro ɗaya ne ya yi musu duka, suna kawai yake canjawa. Bayan wata shida rana ta cinye launin, komai ya koma shuɗi-shuɗi. Mai shago ya biya kuɗi don a gan shi, ya ƙare ya ɓace a cikin 'yan'uwansa.

Ga ɗan'uwa ɗan kasuwa da ke shirin ba da aikin allo, shawarata ita ce ya tambayi kansa abu guda da yake so a tuna da shi. In tela ne, babbar riga ce gwanintarsa ko ɗinkin mata? Ya zaɓi ɗaya ya ba shi fili. Idan an kawo masa samfuri, kada ya duba shi a fuskar kwamfuta yana zaune. Ya sa a buga ƙarami, ya manna a bango, ya ja da baya taku ashirin, ya kira yaro ko tsohuwa su kalla na ɗan lokacin da mota ke ɗauka ta wuce, sa'an nan ya tambaye su me ake sayarwa a nan. In sun yi jim, aikin bai yi ba. Kuma ya sani cewa kuɗin leda dabam, kuɗin tunani dabam. Mun saba mu biya na farko mu yi ta ciniki a kan na biyu har mai zane ya gaji ya ba mu abin da ya ba kowa.

Manyan kamfanoni ma ba kullum suke da dabara ba, wani lokaci ƙarfin aljihu ne kawai. Kowa ya ga lokacin da kamfanonin waya suka bi manyan hanyoyi suna shafe gidaje da shaguna, wannan rawaya, wancan ja, har gari guda ya koma kamar an raba shi. Launi yana aiki, babu shakka, yaro ma ya san na wa ne rawaya. Amma babu abin da za ka gano a ciki, babu abin da zai sa ka yi murmushi ka nuna wa abokinka.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi da ya sa ya kamata mu koyi karanta hoto. Dabarar da ke sayar da sabulu ita ce ke sayar da guba. Allon man shafawa da ya raba fuskar mace biyu, ɓangaren baƙi a murtuke cikin duhu, ɓangaren fari yana murmushi cikin haske, bai rubuta cewa baƙar fata aibi ce ba, amma ya faɗa, kuma yarinya 'yar shekara 14 ta ji. A 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasa ta hana shigo da mayukan da ke ɗauke da sinadarin haidirokwinon mai sauya launin fata, amma hana sinadari ya fi sauƙi bisa ga goge hoton da ya riga ya shiga kai. Haka tallar cacar ƙwallo, kullum saurayi ne yana tsalle da waya a hannu, ba a taɓa zana dubban da suka yi asarar kuɗin makaranta ba. Ita dai wannan hukuma ta hana fitattun mutane tallar giya, aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hanin a 2024. Hukuma ta san fuska tana sayar da kaya fiye da magana. Yaron da aka koya masa ya tambayi wa aka sa a gaba, wa aka ɓoye, me ya sa aka zaɓi wannan launi, ya fi wuyar yaudara.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Zayyanar da ake yi wa allo idan yaro ya sauke Alƙur'ani, da dagi, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da adon hula, duk aiki ne na auna fili da daidaita layi da haɗa launi. Masu surfani na Zangon Kumasi da na Nima suna riƙe da wannan ilmi a yatsunsu. Na san wasu iyaye suna ƙyamar 'ya'yansu su shiga fannin zane saboda maganar hoton abu mai rai. Wannan fage ne na malamanmu, ba nawa ba. Abin da zan ce kawai shi ne, tambarin FedEx da na Nike da tutar Gana babu mai rai ko ɗaya a cikinsu, kuma babban rabon wannan sana'a haruffa ne da launi da fili. Wasu iyayen kuma suna ganin ajin zane a sakandare na waɗanda suka kasa kimiyya ne. Alhali kowane kwalin magani, da littafin makaranta, da takardar kuɗi, da abin da ke fuskar waya, sai ya bi ta hannun mai tsara zane, kuma idan 'ya'yanmu ba su koya ba, wasu za mu ci gaba da biya su rubuta mana Hausa da kurakurai a allunan shagunanmu.

A ajina nakan ba yara wani aiki da ba ya bukatar komai sai takarda da fensir. Nakan ce su yi wa mai koko da ƙosai ta bakin makaranta allo, amma ban yarda a rubuta ko harafi ɗaya ba. Yawancinsu sukan cika takardar, ga matar, ga tukunya, ga benci, ga masu saye a layi, har da akuya tana wucewa. Wasu sukan zana ƙosai guda shida a faranti. A wata shekara wata yarinya da ba ta cika magana ba ta kawo takarda kusan fara. Ludayi ɗaya ta zana a ƙasa, tururi yana tashi daga cikinsa, yana lanƙwasa har sama, a can ƙarshensa ya zama rana tana fitowa. Na ɗaga takardar daga bayan aji na tambayi na gaba me ake sayarwa, kuma da wane lokaci, suka amsa baki ɗaya. Washegari mai kokon ta karɓi takardar ta manna a jikin teburinta, ta kuma ba yarinyar ƙosai na kwana uku.